Kwana biyar a Chamonix: a ina zan sauka, kuma wane irin gari ne?

Tambaya: Aiki zai kai ni taro a Jeneba ta ƙasar Suwizalan cikin watan Yuli, kuma zan tafi da maiɗakina da yaranmu biyu, mai shekara 7 da mai 11. Bayan taron muna da kwana biyar. Wani abokin aiki ya ce mu je Chamonix a Faransa. Ban taɓa kwana a garin tsauni ba. A wace unguwa ya fi mu sauka, me za mu kiyaye, kuma mene ne asalin wurin? Ba na son mu je mu ɗauki hoto kawai mu dawo ba mu san inda muka je ba.

Amsa: Malam, abokin naka ya ba ka shawara mai kyau. Labarin ƙasa nake koyarwa, kuma a shekarun da na yi karatu a Grenoble na yi ta zirga-zirga a kwarin nan, da zafi da sanyi, wani lokaci don aikin makaranta, wani lokaci don kawai idona ya huta. Mutanen wurin "Shamoni" suke cewa, ba a furta harafin ƙarshe.

Bari in fara cire maka wani tsoro. Garin kansa ba shi da wani tudu na a zo a gani. Tsakiyarsa na kan mita 1,035 daga bakin teku, wato Jos ma ta ɗan fi shi. Duk wanda ya kwana a Jos lafiya zai kwana a Chamonix lafiya. Abin da ke ruɗa baƙo shi ne katangar da ke tsaye a kan garin. Mont Blanc, wato Farin Dutse, yana da wajen mita 4,806, kuma daga titin kasuwa kana hango ƙolinsa. Tsakanin inda ƙafarka take da wancan farin kan akwai tsayin da ya haura mita 3,700. Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda babu tsaunin da ya kai shi a Najeriya, mita 2,419 ne. Da za a ɗauko shi tun daga bakin teku a ɗora a kan Chamonix, da bai ko kai tashar motar igiya ta Aiguille du Midi ba, wato motar da ke rataye a igiyar ƙarfe tana hawa da mutane kan wani tsinin dutse da ke saman garin. Don haka a wannan gari ba a auna tafiya da kilomita. Tambayar kullum ita ce mita nawa za ka hau, kuma cikin minti nawa. Idan ka riƙe wannan, wurin kwana da sutura da lafiyar yara duk za su zo maka da sauƙi.

Kwarin dogo ne siriri kamar kwararo, ya miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. A kudu maso gabas jerin Mont Blanc ne da tsinayen duwatsunsa da suke kira "aiguilles", wato allurai. A ɗaya gefen kuma Aiguilles Rouges ne, Jajayen Allurai, waɗanda ba su kai mita 3,000 ba. Kogin Arve ne ke bi ta tsakiya. Duwatsun sun taso ne saboda faifan ƙasar da Afirka ke kai ya daɗe yana turo na Turai, har ƙasa ta lanƙwashe ta tashi. Zuciyar Mont Blanc giranit ce mai shekara wajen miliyan 300, dangin dutsen da ka sani a Kufena ko Kwatarkwashi. Bambancin shi ne namu rana da ruwan sama ne suka yi ta ɓare shi har ya zama sumul kamar ƙwarya a kife, nasu kuwa ruwa ne ke shiga tsaguwa ya daskare ya fasa shi, shi ya sa ya fito da tsini.

Kwarin kuwa ƙanƙara ce ta sassaƙa shi. A can sama dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa, ta bana ta hau kan ta bara, nauyi ya matse ta ta zama ƙanƙara mai tauri, sannan ta fara gangarowa a hankali kamar tuwon da aka zuba a kan gangare. Wannan shi ne kogin ƙanƙara. A zamanin babban sanyi na ƙarshe, shekara kusan 20,000 da suka wuce, inda garin yake yanzu yana ƙarƙashin ƙanƙara mai kaurin da ya haura kilomita guda. Ita ta daddale gindin kwarin ta miƙar da bangwayensa. Idan kun hau Brévent, wani ƙoli a gefen Jajayen Allurai, ka nuna wa yaran wani abu: duwatsun da ke ƙasa sun yi santsi, na sama kuma sun yi kaca-kaca da tsini. Inda santsin ya ƙare, nan ne iyakar da ƙanƙarar ta kai.

Wannan tsarin shi ke raba unguwannin gida biyu, masu rana da masu inuwa. Gefen Aiguilles Rouges yana fuskantar hantsi, kuma daga can ne ake kallon Mont Blanc gaba da gaba. Gefen da ke gindin Mont Blanc, irin su Les Bossons da Taconnaz, a tsakiyar hunturu rana sai ta ga dama take leƙa su. Na koyi wannan da jikina wani watan Janairu da na ga ɗaki mai araha a wajen na yi caraf na kama. Kwana huɗu ina hango rana a bangon dutsen tsallake, ni kuwa ko rigar da na wanke ta ƙi bushewa. A Yuli wannan ba zai dame ku ba, sai dai ka sani cewa babbar hanyar manyan motoci masu zuwa Italiya ta wannan ɓangaren take bi, kuma wasu gidajen suna jin ƙararta dare da rana.

Da ni ne da iyali, a Les Praz zan sauka. Ƙauye ne da ke kilomita biyu zuwa uku daga tsakiyar gari, ƙasarsa shimfiɗaɗɗiya, akwai tashar jirgin ƙasa, akwai motar igiyar Flégère a bakin ƙofa, kuma akwai hanyar ƙafa a gefen kogi da za ta kai ku gari cikin rabin awa ko ɗan fiye. Tsakiyar Chamonix ta fi kusa da komai, amma a Yuli cunkoso ne, ga mashaya da ke kaiwa tsakar dare, ga tsada. Argentière, a kan mita 1,250, ta fi sanyi da natsuwa, mahaya dutse na gaske sun fi son ta. Les Houches ta fi sauƙin kuɗi amma a warwatse take, sai da mota. Ka nemi gidan haya mai kicin maimakon otal, zan faɗa maka dalili in mun zo kan abinci. Kuma da isarku ka tambayi mai gidan katin baƙo, "carte d'hôte", wanda ke sauƙaƙa wa mai kwana a kwarin kuɗin zirga-zirga tsakanin Servoz da Vallorcine, ƙauyukan da ke bakin kwarin ta kowane gefe. Ana ɗan sauya sharuɗɗansa daga shekara zuwa shekara, sai ka ji daga bakinsa.

Daga filin jirgin Jeneba tafiyar wajen kilomita 90 ce, awa ɗaya da kwata a mota in hanya ta yi kyau. Akwai ƙananan bas na haɗaka da ake biya tun kafin a iso. In kuna son jirgin ƙasa, sai ku hau zuwa Saint-Gervais-Le Fayet, ku sauya zuwa ɗan jan jirgin da ake kira Mont-Blanc Express. Ya fi jinkiri, amma yara za su fi son sa. Bizar Schengen ɗaya ta ishe ku Suwizalan da Faransa da Italiya, sai dai fasfo ya kasance a jiki duk lokacin da za ku tsallaka. Kuɗin Jeneba faran ne na Suwizalan, na Chamonix yuro.

Tarihin garin kuwa, in aka taƙaita, labarin mutane ne da ƙanƙara. An fara ganin sunan kwarin a rubuce wajen shekarar 1091, lokacin da Aymon, mai sarautar yankin Jeneba, ya ba da shi kyauta ga wani gidan 'yan zuhudun Kirista na Saint-Michel de la Cluse da ke kusa da Turin. Suka kafa reshe a nan, suna karɓar haraji da zakkar amfanin gona. A 1519 aka mayar da wannan iko hannun limaman cocin Sallanches, garin da za ku wuce a hanya. Mutanen kwarin talakawa ne liƙis. Suna noman hatsin sanyi a ɗan lokacin da ƙasa ta buɗe, suna kiwon shanu da awaki, da bazara su kora su can sama inda ciyawa ta fito, kaka ta yi su gangaro da su, abin da duk wanda ya san tafiyar Fulani tsakanin mashekari da wurin damina zai gane. Wasu na farautar akuyar dutse, wasu na hawa tsaguwar duwatsu neman kiristal su sayar a Jeneba. Babu wanda ke hawa ƙoli don sha'awa. Tsaunin ma, a bakin mutanen ƙasa, la'ananne ne.

Kuma suna da dalili. Daga ƙarshen ƙarni na 16 duniya ta shiga wani zango na sanyi da ya kai har tsakiyar ƙarni na 19. Kogunan ƙanƙara suka gangaro har cikin gonaki. Mer de Glace, babban kogin ƙanƙarar kwarin, wanda yau sai ka hau jirgi ka leƙa rami kafin ka gan shi, ya sauko har gindin kwarin kusa da ƙauyen Les Bois, ya danne ƙauyukan Le Châtelard da Bonanay. Mutane suka yi ta rubuta koke a rage musu haraji saboda ƙanƙara ta cinye gonakinsu, kuma a ƙarni na 17 har bishop na Jeneba suka gayyato ya zo bakin ƙanƙarar ya yi addu'ar Allah ya mayar da ita baya. Waɗannan takardun koke su ne masana yanayi ke amfani da su yau don gane inda ƙanƙarar ta tsaya a kowane zamani. Mai kukan haraji bai san yana rubuta wa jikokin jikokinsa ilimi ba.

A 1741 wasu Turawan Ingila biyu, William Windham da Richard Pococke, suka taso daga Jeneba da bindigogi da masu hidima, kai ka ce ƙasar maƙiya za su shiga. Suka hau Montenvers, tudun da ke kallon Mer de Glace, suka ga ƙanƙarar, suka kwatanta ta da ruwan da iska ta tayar sannan ya daskare nan take. Labarin ya bazu, masu kuɗin Turai suka fara zuwa kallo. A 1760 wani matashin masani ɗan Jeneba, Horace-Bénédict de Saussure, ya sa ladan kuɗi ga duk wanda ya gano hanyar hawa ƙolin Mont Blanc. Shekara 26 ana gwadawa ana dawowa. Sai ranar 8 ga Agusta 1786 likitan garin, Michel-Gabriel Paccard, da wani mai neman kiristal, Jacques Balmat, suka kai, da yamma, ba igiya, sai dogayen sanduna, mutane na kallonsu da madubin hangen nesa daga ƙasa. A wannan shekarar ce kuma mutanen kwarin suka tara kuɗi suka fanshi kansu daga ikon limaman Sallanches. Saussure ya hau da kansa a 1787 da 'yan jagora 18 ɗauke da kayan awo.

A tsakiyar gari za ku ga gunkin tagulla na mutum biyu, ɗaya na nuna wa ɗaya ƙolin da yatsa. Baƙi da yawa na ɗauka Balmat da Paccard ne. Balmat ne da Saussure, an kafa shi a 1887. Likitan an shafe shi daga labarin, domin wani marubucin Jeneba mai jin haushinsa ya yaɗa cewa Balmat ne ya ja shi sama yana rabin suma, kuma ƙaryar ta zauna fiye da ƙarni guda. Sai a 1986 aka yi masa nasa gunkin, yana zaune shi kaɗai ɗan nesa kaɗan, yana kallon dutsen. Babban titin kasuwar ma sunansa yake ɗauke da shi yanzu. Ka gaya wa maiɗakinka kuma cewa mace ta farko da ta taka ƙolin 'yar kwarin ce mai aikin hidima, Marie Paradis, a 1808.

Abin da ya mayar da jagora sana'a mai tsari shi ne wani hatsari. A 1820 wani likita mai suna Hamel ya matsa a ci gaba da hawa bayan sabuwar dusar ƙanƙara ta zuba, ta zaftaro ta tafi da 'yan jagora uku cikin tsaguwa. Shekara mai zuwa, 1821, aka kafa ƙungiyar 'yan jagoran Chamonix, wadda ta girmi duk irinta a duniya kuma har yau tana aiki. Suka tsara aikin bi da bi, kamar layin lodi a tasha, suka buɗe asusun taimakon iyalan wanda dutse ya ci. Su kuwa mutum ukun nan, a 1861 ne ragowar jikinsu da kayansu suka ɓullo a gindin kogin ƙanƙarar Bossons, shekara 41 bayan sun faɗa ciki can sama. Haka ƙanƙara take, tana tafiya da abin da ta haɗiye ta fito da shi a lokacinta. Jiragen Air India biyu sun faɗi a saman dutsen nan, a 1950 da kuma 1966, na biyun da mutum 117 ciki har da masanin nukiliyar Indiya Homi Bhabha, kuma har yanzu Bossons na amayo tarkacensu. A 2013 wani mahayi ya tsinci akwatin duwatsu masu daraja ya kai wa jandarma. Da aka rasa magada, a 2021 aka raba biyu tsakaninsa da hukumar garin.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne Chamonix ba ta daɗe a cikin Faransa ba. Ƙasar Savoie ce, ta gidan sarautar da ke mulki daga Turin. A 1860 aka miƙa Savoie da Nice ga Faransa, ladan taimakon da Napoleon na Uku ya ba su a yaƙi da Ostiriya. Jar tuta mai farin gicciye da za ku gani a ƙofofin shaguna ta Savoie ce, kada ka ɗauke ta ta Suwizalan: a ta Savoie gicciyen na kaiwa har bakin tutar. Har yau kuma Faransa da Italiya ba su gama yarda kan inda iyaka ta bi a ainihin ƙolin Mont Blanc ba. Bayan 1860 abubuwa suka zo a jere da sauri. Aka gyara hanyar mota, jirgin ƙasa ya iso a 1901, jirgin Montenvers mai haƙora ya kammala a 1909, gasar Olamfik ta hunturu ta farko a duniya aka yi ta nan a 1924 da ƙasashe 16, motar igiyar Aiguille du Midi ta buɗe a 1955, ramin motar da ya huda dutsen zuwa Italiya, mai tsawon kilomita 11.6, ya buɗe a 1965. A cikin ramin nan ne wata babbar mota ta kama da wuta a Maris 1999, mutum 39 suka rasu, aka rufe shi shekara uku. Wata guda kafin wannan, dusar ƙanƙara ta zaftaro a kan ƙauyen Montroc ta kashe mutum 12 a cikin gidajensu. Mutanen kwarin ba sa manta wannan shekarar.

Yau mazauna garin ba su kai 9,000 ba, amma a tsakiyar bazara mutanen da ke kwarin sukan ninka haka sau da yawa. Ƙanƙarar da kakanninsu suka roƙi Allah ya janye, ita ce ke ciyar da su, ga shi kuma tana janyewar. Mer de Glace ya ja baya da fiye da kilomita biyu daga inda yake a wajen 1850. A ƙarshen shekarun 1980 'yan matakai kaɗan ake sauka daga motar igiya a taka ƙanƙarar. Aka yi ta ƙara matakala shekara bayan shekara har ta haura 500, sai a 2024 aka buɗe sabuwar motar igiya can gaba inda ƙanƙarar ta rage. Ƙanƙarar da ke cikin tsaguwar duwatsu tana riƙe su kamar siminti ita ma tana saki, shi ya sa a 2005 wani babban ɓangare na fuskar dutsen Drus, wanda za ka riƙa gani daga Les Praz, ya ruguzo. Farin tabon yana nan.

To, kwanakinku. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne hawa Aiguille du Midi ranar da ya iso. Cikin minti 20 motar za ta ɗauke ka daga mita 1,035 zuwa kusan 3,800, daga nan lif ya ƙarasa da kai 3,842. Iskar da kake shaƙa a can ba ta kai kashi biyu cikin uku na ta bakin teku ba. Ciwon kai, jiri, haki bayan matakai goma, duk abin da za a gani ne. Ku bar shi sai rana ta uku ko ta huɗu. Ranar farko ku yi yawo a ƙasa. Ta biyu ku hau jirgin Montenvers, mita 1,913. Ta uku Flégère, ko kuma Brévent mai mita 2,525, inda za ku ga jerin Mont Blanc gaba ɗaya kamar an shimfiɗa taswira. In ƙafafun yaran na da ƙarfi, tafkin Lac Blanc daga Flégère ya cancanci wahalar, amma yini guda ne, kuma da takalmin dutse. Sannan Aiguille du Midi, da sassafe, domin a Yuli gajimare kan taru bayan azahar, tsawa ta biyo. Ku sayi tikiti tun da wuri bayan kun duba hasashen yanayi, kada ku biya kuɗi mai yawa ku je kallon hazo. Rana ta biyar, in da sauran ƙarfi, ku bi ramin ku ci abincin rana a Courmayeur ta Italiya.

Ga maganar da na fi so ka ɗauka da nauyi, wadda takardun 'yan yawon buɗe ido ba sa yi saboda ba don mu aka rubuta su ba: sikila. In akwai mai SS ko SC a cikinku, kada ya hau Aiguille du Midi, kuma ko matsakaitan tudun sai da izinin likitansa. Mai AS ma, wanda a gida bai san yana da komai ba, ƙarancin iska a irin wannan tsayi na iya toshe masa jini a saifa, musamman in ya hau da sauri, ga sanyi, ga ƙishirwa. Alamarsa ciwo mai tsanani a saman ciki ta hagu, wani lokaci har kafaɗa. Ba kowa yake samu ba, amma sananne ne a wajen likitoci. Ku san ko akwai mai AS, SS ko SC a cikinku kafin ku tashi, ku yi magana da likita, ku sha ruwa sosai. Wanda ya ji ba daidai ba a sama, maganin farko shi ne sauka, ba jira. Lambar gaggawa 112 ce. Ba a hawa da yaron da bai kai shekara uku ba, naku sun wuce nan.

Sanyi kuwa lissafinsa mai sauƙi ne: duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da wajen digiri shida da rabi. In gari na kan 25, can sama 7 ne ko ƙasa da haka, ga iska. Riguna biyu ko uku a kan juna sun fi ƙatuwar riga ɗaya. Kada ku raina rana don fatarmu baƙa ce. Hasken da ke dawowa daga farar ƙanƙara na ƙona ido, kowa ya samu baƙin tabarau har yaran, da man leɓe, don bushewar wurin ta yi ta hunturun Kano.

Abincin Savoie cuku ne da dankalin Turawa da alade, kuma aladen na ɓuya. Tartiflette da yankakken naman alade ake yin ta. Tsiran da suke kira diots alade ne. Fondue, narkakken cukun da ake tsoma burodi, da farar giya ake dama shi. Raclette ita kanta cuku ce da dankali, amma tana zuwa da faranti na busasshen nama, sai ka ce "sans charcuterie". Jimloli biyu za su yi maka aiki, "sans porc" da "sans alcool". Wannan ne ya sa na ce kicin. Ku sayo naman halal daga Jeneba ko Annemasse ko Cluses, inda Musulmi ke da yawa, ku zo da yajinku. Ranar Asabar da safe akwai kasuwa a tsakiyar gari, a nan za ku sami zuma da burodi da cukun Beaufort da Reblochon. In Juma'a ta riske ku, garuruwan ƙasa za ka gangara, ko ka yi ta a babban masallacin Jeneba kafin ku taso.

Lokutan salla za su ba ka mamaki. A Yuli rana na fitowa wajen ƙarfe shida saura, ba ta faɗuwa sai tara ta wuce, isha ta kai wajen sha ɗaya na dare, asuba kuma tun kafin huɗu. Kada ka yi aiki da ɓacewar rana a bayan dutse, wannan ba magariba ba ce, da sauran lokaci mai tsawo. Sauƙin matafiyi na ƙasaru da haɗa salla, ka tambayi malaminka kafin ka tashi. Alƙibla kudu maso gabas take, ka fuskanci Aiguille du Midi ka karkata hagu sosai, sannan ka tabbatar da waya. Sunan dutsen ma agogo ne, "Allurar Tsakar Rana", don ana cewa daga gaban cocin garin a kansa rana ke tsayawa in ta raba tsakiya. Hijabi ba matsala a titi ko a motar igiya, amma dokar Faransa ta hana rufe fuska a bainar jama'a tun 2011, Suwizalan ma ta bi sahu a 2025. Kuma duk shagon da za ku shiga, ku fara da "bonjour". Bafaranshe na ɗaukar rashin gaisuwa yadda mu ma muke ɗauka.

Ruwan famfo ku sha, mai kyau ne. Na kogin Arve kuwa kada yara su shiga, ko da sun ga ya yi kwance. Sanyinsa na sandarar da ƙafa cikin daƙiƙu, kuma yana ƙaruwa da yamma in rana ta narkar da ƙanƙara a sama. Launinsa toka-toka ne kamar an dama kunun kanwa, ba datti ba ne, garin dutse ne da kogunan ƙanƙara ke niƙawa a ƙarƙashinsu. In kun koma Jeneba da sauran awa biyu kafin jirgi, ku je unguwar La Jonction ku hau gadar da ke saman mahaɗar. Ta gefe ɗaya kogin Rhône ne ke zuwa shuɗi garau bayan ya zube lakarsa a tafkin Jeneba, ta ɗaya gefen Arve ne, bayan tafiyar kilomita 100 da ɗoriya daga kwarin da kuka kwana. Sukan jera kafaɗa da kafaɗa na wani ɗan nisa, kowa da launinsa, kafin su gauraya.